Yadda za ka gasa tukwane da jan bulo ba tare da itace ya cinye maka riba ba

Tun da muka rushe tsohon tanderunmu muka sake gina wani a wajen aikinmu can ta hanyar Zariya a Kaduna tambayoyi suka ƙi ƙarewa, wannan ya ce itace nawa kuke ci a gashi ɗaya, wannan ta ce ita kayanta rabi ke fitowa lafiya rabi a fashe, wani kuma maƙwabta ne suka kai shi gaban mai unguwa saboda hayaƙi. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, bari in zuba komai wuri guda, mai tukwanen fulawa da mai randa da murhu da asusu da mai jan bulo kowa ya ɗauki abin da ya shafe shi.

Abu guda nake so ya zauna maka tun yanzu. Tukunyar da ta fashe a wuta ta riga ta ci yumɓu, ta sha ruwa, ta ci kuɗin mota, ta ci kwanakinka, ta ci itace daidai da wadda ta fito lafiya, sannan ba za ta kawo maka ko sisi ba. Yawancin masu neman dabarar rage itace a bakin wuta suke nemanta, alhali ɓarnar tun daga rami aka faro ta.

1. Littafi da sikeli tukuna

Kafin ka sayi komai, nemi littafi irin na ɗalibai da sikelin ratayawa irin na masu awon buhu. Duk gashi ka rubuta abu huɗu: kaya nawa suka shiga, nawa suka fito lafiya, itace kilo nawa ko kuɗin nawa, awa nawa wutar ta yi. Farashi ba zan ɗora maka ba don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dakon tifa da na itace ba sa kwana biyu wuri ɗaya, amma ga lissafi a misalce. A ce ka zuba tukwane 100 da itacen naira 30,000, guda 25 suka fashe, toh kowace tukunya mai kyau ta ci itacen naira 400. In ka dawo da masu fashewa zuwa 5, ta koma kusan 316, ba ka rage ko ƙirare ɗaya ba amma kuɗin ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ba ya rubutawa ba zai taɓa ganin wannan ba, kullum sai dai ya ce kasuwa ce babu.

2. Ramin yumɓu

Fara da sallama ga mai gona da mai unguwa ko dagaci, a yi magana a fili gaban shaidu kan zurfin da za ka yi da kuma wa zai cike ramin. In kuma aikinka ya kai na tifa-tifa don kasuwanci, ka sani ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya suke, dokar ma'adinai ta 2007 ta haɗa har da masu haƙar yumɓu da yashi da marmara, akwai lasisin da ake nema, kar ka bari sai an zo an kama maka mota.

Ƙasar sama, wannan baƙar mai saiwoyi da taki wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko kamu ɗaya ba, kwashe ta ka tara gefe guda. Ba ta da amfani wajen gini, ruɓaɓɓen ganyen cikinta ƙonewa yake ya bar ramuka, amma ita ce ran gonar. In ka gama da ɓangare ɗaya sai ka zuba marmara da tarkacen fasassun kaya a ƙasa, ka mayar da ita sama, manomi ya ci gaba da shukarsa. Haƙa ɓangare-ɓangare, kana buɗe sabo kana rufe tsoho, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka bar ƙaton kududdufi ka ce sai ƙarshe, don ƙarshen nan ba ya zuwa.

Gargaɗi: kar a riƙa ƙwaƙule ƙarƙashin gaɓa ana bin jijiyar yumɓu mai kyau ana barin ƙasa rataye a sama, haka rami ke ruftawa da mutane. A yi bangon a kishingiɗe ko hawa-hawa kamar matakala. Kar kuma a haƙa dab da bakin kogin Kaduna ko rafukan da ke zuba cikinsa, damina ɗaya ta isa gaɓar ta zaizaye ta tafi da gonar wani. Ramin da aka bari kusa da gidaje kuwa daga watan Yuli ya zama gidan sauro da wurin wankan yara, kowa a garin nan ya san yadda labarin ke ƙarewa.

Lokacin haƙa rani ne. Ka tara na shekara in da hali, ka bar shi a fili rana ta buge shi ruwan farko ya jiƙa shi, da kansa yake farfashewa ya yi laushi, ka huta da rabin daka.

3. Gwada kafin ka biya kuɗin tifa

Nan ne na taɓa shan wuya. Wani ya kawo mana tifa biyu na yumɓu mai kyan gani, muka buga bulo muka gasa, suka fito jawur suna ƙara kamar ƙarfe, bayan sati biyu sai ga su suna tsattsagewa da kansu, ko'ina ɗan farin abu kamar alli a tsakiyar tsagar. Ashe ƙananan duwatsun farar ƙasa ne a ciki, wuta ta mayar da su ɗanyen laim, wato ƙonanniyar farar ƙasa mai zuƙar ruwa, suka sha raɓar iska suka kumbura. Itacen wannan gashin har yau ina jin zafinsa.

Saboda haka bokiti ɗaya za ka fara karɓa. Ka murza ɗan yumɓu kamar igiya mai kaurin yatsa ka naɗe a yatsanka, in ya naɗu bai karye ba yana da danƙo, in ya ɓare yashi ya yi masa yawa. Ka tsince tsakuwar ciki ka ɗiga mata ruwan lemun tsami ko binega, duk wadda ta yi kumfa farar ƙasa ce, ko ka tace yumɓun da rariya mai ƙananan ido ko ka haƙura da shi gaba ɗaya. Sannan ka yi 'yan fale-fale guda biyar kamar sabulun wanki, ka ja layi mai tsawon santimita 10 daidai a kan kowanne, ka bari su bushe a inuwa ka sake aunawa. In ya dawo 9.4 ya tsuke da kashi 6 cikin ɗari kenan, ba laifi. In ya sauka ƙasa da 9 ya cika danƙo, zai riƙa tsagewa wajen bushewa, sai an sirka shi da yashi mai laushi ko garin tsingaro. Ka cusa fale-falen a gashin wani, in sun fito ka auna nauyinsu, ka jiƙa su kwana ɗaya cur ka sake aunawa. Bulon gini bai kamata ya sha ruwan da ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa ba. Sauran ka ajiye su sati biyu ka ga ko za su yi irin abin da namu suka yi.

Wanda yake son gwaji mai zurfi, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai masu koyar da aikin yumɓu da tangaran, ba nisa, ka ɗauki samfurinka ka je ka yi tambaya.

4. Jiƙo da ruwa

Yumɓu busasshe ƙarau ya fi saurin narkewa a ruwa fiye da mai ɗanshi, wannan mutane da yawa ba su sani ba. Farfasa shi ƙanana, zuba a kwarmin da aka yi wa siminti ko rabin durom, ruwa ya sha kansa, ka bar shi kwana biyu ba taɓawa. Sai ka dama ya zama kamar kunu, ka tace da rariyar waya zuwa kwarmi na biyu, ka bari ya kwanta. Ruwan da ya taso sama garau kar ka zubar, kwashe shi ka mayar kan jiƙo na gaba. Kunun da ya rage sai a shimfiɗa shi kan gasassun bulo ko buhun algarara a ƙasa har ya yi taurin cuɗawa. Masu bulo ba sai sun yi wannan tacewar ba, amma jiƙon kwana ɗaya da tattakawa sosai da ƙafa dole ne.

Gargaɗi: wasu na shanya kunun a kan allon filasta irin na silin don yana tsotse ruwa da sauri. Yana yi, amma ɓarɓashinsa ɗaya ya shiga yumɓu zai fasa maka kaya bayan gashi, sai ka shimfiɗa ƙyalle a tsakani kuma kar ka kankare da ƙarfe.

Wanke hannu da kayan aiki kuma durom uku muke jerawa. Na farko na wankin farko mai kauri, na biyu na ɗauraya, na uku mai tsabta. Duk ƙarshen sati lakar da ta kwanta a gindin na farko ta koma kwarmin jiƙo, ruwan na biyu ya dawo na farko, na uku ya dawo na biyu, sabon ruwa a na uku kaɗai ake zubawa. Tun da muka fara haka mai kurar ruwa ya rage ganinmu, kuma lambatun layi ya daina toshewa da laka, wanda da shi ne babban abin faɗanmu da maƙwabta.

In kana da rumfar kwano ka sa mata indararo. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, Kaduna kuma tana samun sama da milimita 1000 a shekara, wato rumfa mai mita 5 da 6 ruwan da ke sauka kanta ya haura lita 30,000, jarka mai lita 25 sama da 1,200 kenan. Ba duka za ka iya tarawa ba amma ko tanki ɗaya ne ya rage maka. A rufe bakin tankin saboda sauro.

5. Ba a zubar da yumɓu

Duk abin da bai shiga wuta ba yumɓu ne har yanzu. Shara daga gyaran baki, tukunyar da ta tsage wajen bushewa, bulon da yaro ya taka, duk a tara a buhu su bushe su koma jiƙo. Abin da ya shiga wuta ya fashe kuma, wato tsingaro, shi ba ya narkewa amma shi ne maganin fashewar na gaba. A daka shi a turmi, a tankaɗe, a zuba kamar mudu ɗaya ko biyu cikin mudu goma na yumɓu. Yana rage tsukewa, yana buɗe wa tururi hanya, murhu da kaskon suya da tukunyar girki da ke shan wuta kullum sun fi kowa buƙatarsa. Shi ya sa za ka ga matan Gwari sun tara tukwane a fili sun cinna musu wuta da ciyawa da kara cikin ɗan lokaci sun kwashe lafiya, yumɓunsu mai tsakuwa-tsakuwa ne, kai kuma ka kwaikwaye su da yumɓu mai santsi ka kwashi tsingaro.

Gargaɗi: ƙurar yumɓu da ta tsingaro tana ɗauke da garin dutse mai laushin da ido ba ya gani, in ya shiga huhu ba ya fita, bayan shekaru mutum ya fara tari da haki ana ta ba shi maganin asma. A yayyafa ruwa kafin daka, a sa takunkumi mai kyau ba tsumma ba, a daina sharar wurin aiki da busasshiyar tsintsiya, a jiƙa ƙasa tukuna. Yara kuma a kore su daga wajen tankaɗe.

6. Shanya

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya da ya fi ceton itace, wannan ne, kuma kyauta ne. Ruwa na zama tururi a digiri 100, in yana cikin bangon tukunya bai samu hanya ba sai ya fasa ta, ƙarar da kake ji tau tau a farkon wuta kenan, kuma ba ita kaɗai za ta tafi ba har na kusa da ita. Ko ba ta fashe ba itacenka ne ke aikin da rana za ta yi maka a banza.

Kwanakin farko a inuwa, nesa da iska. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar nan tana busar da baki da hannun tulu cikin awa kaɗan gindi na nan jiƙe, sai tsaga. Ka rufa musu leda sako-sako ko buhu, in sun yi taurin da za su ɗauku ka kife su baki ƙasa. Sai sun canza launi sun yi fari-fari sannan a kai su rana. Da damina kuma matsalar juyawa take, kaya sai su yi sati biyu suna ɗanshi, a ɗora su kan katako sama da ƙasa inda iska ke ratsawa. Bulo a juya shi a kan gefensa bayan kwana biyu ko uku, in ya yi ƙwari a jera shi da tazara kamar saƙar zuma, a tanadi tampol kusa don hadarin Kaduna ba ya sallama.

Yadda za ka gane ya bushe, ɗora gindin tukunyar a kumatunka, in ka ji sanyi da sauran ruwa. Ko ka auna guda ɗaya yau ka auna gobe, in nauyin bai sauya ba ta gama.

7. Tanderu

Gashin fili, wato a tara kaya a lulluɓe da kara da itace, yawancin zafinsa sama yake tafiya, kuma da wuya ya wuce digiri 700 zuwa 800. Ko katanga kawai ka zagaya da bulo, ka bar ƙofofin wuta a ƙasa, ka rufe saman kayan da tsingaro da tsohon kwano, ka riga ka rage ɓarna sosai. Wannan shi ne mafi arha.

Wanda ya fi shi shi ne mai rufin baka da bututun hayaƙi a baya, inda harshen wuta ke hawa ya bugi rufi ya sauko ta tsakanin kaya sannan ya fita ta ramin ƙasa zuwa bututu. Zafin ya fi daɗewa a ciki, sama da ƙasa kuma suna nuna kusan daidai. Irinsa muka gina. Ƙarafan da ake ɗora itace a kai don iska ta shiga ta ƙasa, da murfin ƙofa, da farantin da ake turawa a rage bakin bututu, duk a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, aka haɗa mana.

Sirrin yana jikin bango. Bulo mai nauyi shan zafi yake, sai ka gama ƙona shi kafin kayanka su fara nuna. Ka buga naka bulon mara nauyi, yumɓu kwano ɗaya garin katako kwano ɗaya, a kwaɓa a buga a shanya a gasa, garin katakon ya ƙone ya bar ƙananan ramuka masu riƙe zafi. In wutarka ba ta wuce digiri 1000 jan yumɓu ya isa, in kana harin 1200 zuwa sama na tangaran sai ka nemi farin yumɓu irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ka yi bango biyu, na ciki mara nauyi na waje na talakan bulo, tsakaninsu ka ɗura tokar ɓuntun shinkafa. Da laka za ka yi ginin ba siminti ba, siminti ba ya jure irin wannan wutar. Ka yi masa rumfa kuma ka ɗaga gindinsa, tanderun da ya sha ruwan sama sai ya ci itacen awanni kafin shi kansa ya bushe.

8. Abin ƙonawa

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ka saye shi da kuɗi sannan ka ƙona wani itacen don ka busar da shi. Sayi da wuri, faskara shi sirara kamar damtse, jera a rumfa ya yi watanni. Siriri ya fi ba da harshe, gungume garwashi kawai yake tarawa ya toshe iska.

Ba dole sai itace ba. Bayan kaka akwai karan dawa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, wajen masu injin casar shinkafa akwai ɓuntu tsibi-tsibi, wajen 'yan katako akwai gari da guntaye, sau da yawa kuɗin buhu da na dako ne kawai. Ɓuntu da garin katako ba a jibga su, kashe wuta suke, sai wuta ta yi ja sannan a riƙa watsa su kaɗan-kaɗan da kwano. Masu bulo kuma suna iya cuɗa ɗan ɓuntu a cikin yumɓun tun wajen kwaɓi, yana ci daga ciki ya taimaka wa gashi, amma kar ya wuce kima don bulon zai yi rauni, gwada da kaɗan tukuna.

Gargaɗi: taya, roba, leda, tsofaffin takalma da baƙin mai, na san ana yi don arha, ni dai ba na yi kuma ba na ba da shawara. Hayaƙinsu guba ne ga mai tsaye a bakin wuta kafin kowa, shi ne kuma ke jawo a kai ƙara har ma'aikatan KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, su zo. Haka guntayen filawud da katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara. Sannan kar a yi gashi a rufaffen ɗaki, ko da gas ne, akwai iskar da ba ta da wari da ke kwantar da mutum.

9. Jeri da wuta

Tanderu rabi da tanderu cike kusan itace ɗaya suke ci, don haka kar ka kunna sai ya cika. In kayanka ba su kai ba ku haɗa da wani ku raba kuɗin itace. A gashin farko da ba a shafa ruwan ƙyalli ba, wato abin da ke sa kaya sheƙi kamar gilashi, ƙananan kaya na iya shiga cikin manya, asusu a cikin tukunyar fulawa, baki da baki gindi da gindi, masu nauyi a ƙasa. Amma a bar wa wuta hanya, bulo a bar tazarar yatsa tsakaninsu. Ƙofa a toshe da bulo a shafe da laka da yashi, a bar ɗan ramin leƙe.

Wutar kanta hawa uku ce. Na farko ƙaramar wuta a bakin ƙofa kamar ta dafa shayi, awa biyu zuwa huɗu ga tukwane, randa da masu kauri fiye da haka, tsibin bulo kuwa kwana guda ko biyu. Ka riƙa kara madubi ko sanyayyen ƙarfe a inda hayaƙi ke fita, muddin yana gumi ba a ƙara wuta. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, a nan ba karin magana ba ne aikin kenan.

Na biyu a riƙa ƙarawa a hankali har ciki ya fara ja a duhu. Tsakanin digiri 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a jikin yumɓun kansa yake fita, a daidai 573 kuma yashin ciki yana kumbura farat ɗaya, in ka yi gaggawa a nan za ka samu siririyar tsaga da ba ka gani sai mai saye ya zuba ruwa. Daga nan sai na uku, ka ba ta wuta sosai. In ba ka da na'urar awon zafi launi zai gaya maka, ja mai duhu wajen 600 zuwa 700, ja mai haske 800 zuwa 900, in ya koma ruwan lemo ka doshi 1000, nan ne jan bulo da tukwanen jan yumɓu suke nuna. Ka riƙe shi a haka rabin awa zuwa awa ɗaya don na lungu su kamo.

Ka riƙa kallon bututu. Baƙin hayaƙi mai kauri itacenka ne ke tashi sama bai ƙone ba, alamar ka cusa da yawa ko toka ta toshe iska. Kaɗan-kaɗan akai-akai, sai hayaƙin ya washe ka ƙara. Yaran da ke taya ni sun fi son su cika ƙofa su je su zauna, wannan faɗan kullum muna yinsa. In kuma harshen wuta na fita ta saman bututu, jan iska ya yi yawa, tura farantin nan ka rage bakin.

Da an gama a toshe ko'ina da laka. Kar a buɗe don ɗoki, kaya na tsagewa wajen hucewa kamar yadda suke yi wajen hawa, a bari sai hannu zai iya ɗauka. Zafin da ke fita daga jikin tanderu a wannan kwana ɗaya ko biyun kar ya tafi a banza, jera kayan gashi na gaba kewaye da shi, itacen gaba ma haka amma da 'yar tazara kuma da mai gadi, mun taɓa kusan rasa rumfa.

10. Ƙyalli da dalma

Masu tambayar yadda ake sa kwano ya yi sheƙi kamar gilashi a ƙaramar wuta, na san akwai masu cewa a fasa tsohon batirin mota a kwashi garin ciki. Dalma ce. Tana narkewa da wuri ta yi kyau, sannan ta riƙa zuba cikin abinci musamman mai tsami, kunun tsamiya ko fura da nono, ƙurarta kuma ta bi tufafinka zuwa gida. Abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin dakan duwatsun zinare a cikin gidaje, ya isa kowa ya kiyaye. Kar ka taɓa.

In ƙaramar wuta gare ka, goge kayan da santsin dutse tun suna da ɗan ɗanshi, in sun fito da zafinsu a yayyafa musu ruwan makuba na ɓawon ɗorawa kamar yadda iyayenmu ke yi, su yi duhu su yi sheƙi su rage tsiyaya. In tanderunka na kaiwa 1250 zuwa sama, tokar itacenka da ka tankaɗe ita kanta ruwan ƙyalli ce in aka haɗa ta da garin dutsen felsfa, wani dutse mai narkewa a babbar wuta, da yumɓu, ana yawan farawa da toka biyu, dutse biyu, yumɓu ɗaya, sai ka gyara da gwaji. Sa safar roba, ruwan toka na cin hannu. Ragowar ruwan ƙyalli da na wanke burushi a bokitinsu daban, a bari ya kwanta a sake amfani da shi, kar ya shiga lambatu kuma kar ya haɗu da durom ukun can.

11. Toka, tarkace da maƙwabta

Tokar itace da ta kara zalla, wadda ba a haɗa da roba ba, manoma na so, a barbaɗa kaɗan ba a jibge wuri ɗaya ba. Tokar ɓuntu ka ajiye ta a buhu don cike bangon tanderu, tana zaunawa ƙasa bayan 'yan gashi sai an ƙara. Bulon da bai nuna ba a mayar da shi gashi na gaba a sa shi kusa da wuta, wanda ya ƙone ya lanƙwashe kuma ya yi daɓen tsakar gida ko gindin tanki.

Bututu ya fi rufin gidajen kusa tsawo. Ka lura da inda iska ke kaɗawa, da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, sai ka san gidan wa hayaƙinka zai shiga a kowane lokaci. Mu ana gobe gashi yaro ke zagayawa ya faɗa wa matan layi don kar su yi shanya, ba ma kunnawa ranar Juma'a ko ranar da ake biki a unguwa, manyan tsingaron da suka fi ƙarfin turmi kuma a baro muke kwasa mu cike ramukan layin kafin ruwan Mayu ya sauka.